Haruffa Masu Ƙafafu

A maɗaba'ar da Auta take aiki kowa ya san halinta. Idan ta ƙura wa harafi ido, ko gobara ta tashi sai dai a ɗauke ta da kujerarta. Zanen haruffa ne aikinta. Ba ita ke rubuta littafi ba, ba kuma ita ke buga shi ba. Ita ce dai mai yanka wa kowane harafi tsayinsa da kaurinsa, da girman cikinsa, da tazarar da zai bari tsakaninsa da maƙwabcinsa. In ta faɗa wa mutane sana'arta sai su ce, "Au, da ma wani ne ke zana su?" Su a ganinsu haruffa tsirowa suke yi a takarda.

Cikin haruffan duniya ta fi son irin na da, masu ƙafafu. Duk wanda ya taɓa buɗe tsohon littafi ya gan su, ko da bai kula ba: ƙarƙashin kowace sanda akwai ɗan layi a kwance kamar tafin ƙafa, a samanta kuma ɗan kai ya leƙo gefe. Auta ta yi imani waɗannan ƙafafun su ke shimfiɗa wa ido hanya. Ƙafar wannan ta kusa taɓa ƙafar wancan, sai layi ya zama turba, mai karatu ya bi ta har ƙarshe bai san ya bi ba. Da yamma, idan hasken taga ya kwanta a teburinta, takan lumshe ido rabi ta dubi shafi, ta ga haruffan suna tafiya a jere, babu mai ture wani, kamar mutanen da suka taso daga aiki.

Masu wannan sana'a suna da wata ɗabi'a. Ba sa gwada sabon harafi da magana mai ma'ana, don ma'ana tana janye hankali, mutum ya manta da duba siffar. Sai su ƙirƙiri shirmen da zai tattaro haruffa da yawa a layi ɗaya, su buga, su liƙa a bango, su ja da baya su duba. Bangon Auta cike yake da irin wannan. Maigidan maɗaba'ar, wanda ma'aikata ke kira Sarkin Sauri a bayan idonsa, kullum ya wuce sai ya tsaya ya karanta ɗaya, ya girgiza kai.

"Ke dai Allah ya shirye ki," in ji shi. "Wata rana baƙo zai shigo ya ɗauka gidan mahaukata ya faɗo."

A gida kuwa akwai Yaya. Ita ta raini Auta tun rasuwar mahaifiyarsu, ita ta koya mata karatu, ta ɗora ta a cinya, ta kama ɗan yatsanta tana jan shi ƙarƙashin layi. Yaya ta shekara da shekaru a kantin magani tana karanta rubutun likitoci, rubutun da ko masu shi ba kullum suke gane shi ba. Sai ga wannan idon ya fara gani dishi-dishi. Gefe da gefe tana gani, amma tsakiya, daidai inda take son dubawa, kamar an hura wa gilashi numfashi. Likita bai ɓoye musu ba. Ya ce ciwon a can bayan idon yake, ba irin yanar da ake cirewa ba ce, kuma ƙaruwa zai yi ta yi. Ya ce duk abin da take son gani, ta gan shi yanzu.

Yaya ba ta ce tana son ganin teku ko wata ƙasa ba. Wani ɗan littafi take da shi, bangonsa ya daɗe da rabuwa da shi, takardunsa sun yi ja, labarin wani mai kwalekwale da ya tafi neman inda kogi ya faro. A cikinsa ta koya wa Auta karatu. Shi take son ta sake karantawa da idonta, tun daga farko har ƙarshe, kafin hasken ya ƙare.

"To Yaya, ba sai in karanta miki ba?"

"Ke? Ke da kike karatu kamar an biyo ki da sanda? Ni ina son in tsaya inda na ga dama, in koma baya in na ga dama. Kunne daban, ido daban, Auta."

Auta ta fara da hanya mai sauƙi. Ta kai littafin aka ɗauki hoton shafukansa aka ƙara musu girma, sai duk tabon da ke jikin takardar ya girma tare da su, shafi ya fito kamar bangon kicin. Ta sake buga labarin da manyan haruffan zamani marasa ƙafa, baƙaƙe wuluk. Yaya ta kawo takardar kusa da hanci, ta karkata kai, ta mayar mata.

"Waɗannan ai na allon bakin titi ne. Kowa ya tsaya ƙiƙam shi kaɗai, ba ruwansa da ɗan'uwansa. Ina kaiwa tsakiyar layi sai in zame in faɗa na ƙasa. Ki kawo mini nawa, masu ƙafafun nan."

A bayan maɗaba'ar akwai wani ɗaki da ba a cika shiga ba. Nan aka jibge tsohon injin hannu na buga littattafai, da wata doguwar durowa mai aljihuna sirara, kowane aljihu an raba shi gida-gida, kowane gida cike da haruffan dalma na zamanin da ake jera su ɗaya bayan ɗaya. Auta ta yi ta jan aljihuna tana atishawa, har ta ci karo da su. Su ne dai, haruffan littafin Yaya. Ta gane su da ƙaramin harafin a mai tumbi, da g mai kunne kamar na tulu. Ta tsaya riƙe da guda a tafin hannu, sanyinsa na ratsa ta, murna ta cika ta har ta ji kunyar kanta.

Daga ranar ta shiga wata duniya. Takan ɗauki harafin dalma ta goge shi da burushi, ta sa shi ƙarƙashin gilashin ƙara girma, ta ɗauki hotonsa, sannan ta bi gefensa a kwamfuta a hankali, lanƙwasa bayan lanƙwasa. A ƙarƙashin gilashin kowane harafi ya zama gari guda, da tudu da kwari da lungu. Takan yi tunanin mutumin da ya fara sassaƙa su, wanda ba ta san sunansa ba, ta ga kamar yana zaune a ɗaya gefen teburin yana hura ƙurar ƙarfe daga yatsunsa. Wani lokaci a hanyar gida sai ta ga sandunan fitilun titi sun yi ƙafafu, masu jiran mota a tasha sun zama layin rubutu, wata mai ciki a tsakiyarsu ta zama harafin b. Ta rantse ba za ta ƙara ko ta rage ko da silin gashi ba. Yadda dalmar take, haka za ta zana ta.

Haka kuwa aka yi. Haruffan suka fito tsaf, gefensu kamar an yanka da reza, siraran wurarensu kamar zare, ƙafafunsu masu tsini. Sarkin Sauri da kansa ya ɗaga shafin sama ya ce bai taɓa ganin aiki mai tsabta haka ba. Ta buga babin farko da girma, ta nufi gida ƙafarta ba ta taɓa ƙasa.

Yaya na zaune a kujerarta ta bakin taga. Ta goge tabarau da gefen zane, ta karɓi takardun, ta ɗora yatsa, ta fara.

"A bakin wani kogi mai faɗi, akwai wani mutum da bai mallaki komai ba sai kwalekwale da sandar tuƙi..."

Karatu ya tafi sumul, babu tuntuɓe. Auta ta zauna a ƙasa ta jingina da ƙafar kujerar, ta rufe ido, ta koma 'yar ƙaramar nan ta kan cinya. Da ta bar idon a rufe da ta kwana da farin ciki. Amma ta buɗe, ta ɗaga kai, ta ga yatsan Yaya ya kai ƙasan shafi ya tsaya, bakinta kuwa yana can tsakiya, wajen da mai kwalekwale yake sallama da matarsa.

"Yaya."

"Na'am."

"Yatsanki ya riga bakinki isa."

Yaya ta cire tabarau ta riƙe a hannu. Littafin da ta karanta tun tana budurwa, ai ko a duhu za ta iya kawo shi da ka.

"Na ga wahalar da kika sha ne," in ji ta a hankali. "Su ne, na gane tsayuwarsu. Amma sun rame, Auta. Kamar sun tashi daga jinya. Ina kai ido kansu sai su narke, in ga fari kawai. Nawa na da suna da jiki."

"Wallahi Yaya, daga jikin dalmar na kwafo su. Ban rage komai ba."

"To, wataƙila idon ne ya gama. Bar shi kawai, kin yi iya yinki."

Wannan maganar ta fi komai yi wa Auta ciwo. Ta san Yaya ba mai saurin sallamawa ba ce, matar da takan yi musu da likita a kan rubutunsa. Kwanakin da suka biyo baya Auta ta yi ta auna zanenta da dalmar, ko ta yi kuskure a wani wuri, ba ta samu ba. Komai daidai yake, kuma daidai ɗin nan bai amfana wa kowa komai ba. A gida ta lura Yaya ta fara lalube kafin ta ɗauki kofin shayi. Littafin kuma an tura shi can ƙasan akwati, abin da bai taɓa faruwa ba. Tsoro ya kama Auta sosai, irin na wanda ya ga ana rufe ƙofa a hankali shi kuma yana nesa.

Ranar hutu da hantsi tana goge tsakar ɗaki, hankalinta na wani wuri, ta zuba ruwa ya yi yawa. Yaya ta fito daga ɗakin kwana ba takalmi, ta taka cikin ruwan.

"Ke wanka kike yi wa ɗakin ko guga? Sai kin karya ni za ki huta."

Ta wuce tana mita, ta fita baranda inda siminti yake a bushe, ta bar sawunta a baya ɗaya bayan ɗaya. Auta ta tsaya da tsumma a hannu tana kallonsu. Ƙafar Yaya abin tsokana ce a danginsu, 'yar mitsitsiya, har akan ce a ɓangaren yara take sayen takalmi. Amma sawun da ke kan simintin nan faffaɗa ne. Ruwan ya bazu ya cike tsakanin yatsu, dunduniya ta yi da'ira, ko'ina ya yi taushi. Wanda bai san mai ƙafar ba zai rantse wata ƙatuwar mata ce ta wuce. Auta ta bi sawun da ido har inda suka fara bushewa, rana na cinye su daga gefe.

Tsumman ya faɗi daga hannunta. Yaya ba ta taɓa ganin dalmar nan ba a rayuwarta, ba ita ba, ba wani mai karatu ba. Abin da ta shekara tana karantawa shi ne abin da dalmar ta bari bayan an shafa mata tawada an danna ta cikin takarda mai laushi. Tawada takan bazu, siririn wuri ya yi kauri, tsini ya dakushe. Mutumin da ya sassaƙa haruffan ya san haka, shi ya sa ya rame su da gangan, ya bar wa tawada wurin da za ta cike. Injin zamani kuwa ba ya danna komai, abin da aka ba shi shi yake ajiyewa. Ita ta zauna ta kwafi ƙafa, alhali sawu Yaya take nema.

"Lafiya kike tsaye kamar an dasa ki?" Yaya ta tambaya daga baranda.

"Yaya, ƙafarki ce."

"Me ta yi kuma? Ku dai ba za ku bar ƙafar nan ta huta ba."

Washegari ta tare Sarkin Sauri tun bai ajiye jakarsa ba, ta ce tana son a tayar da tsohon injin hannu. Ya dube ta sama da ƙasa.

"Injin da ya girme ki? Ga aiki jibge, ke kuma kina son mu koma zamanin kakanni?"

Ta faɗa masa dalili. Ya yi tsaki, ya duba agogo, ya ce shi ba shi da lokacin wasa. Bayan ɗan jim sai ga shi a ɗakin baya ya naɗe hannun riga, yana ɗiga wa injin mai, yana faɗa wa kowa ya matsa. Ashe a kan wannan injin ya koyi aiki yana saurayi, kuma ranar babu wanda ya ji ya ambaci sauri. Suka jera haruffan dalma a layi, suka ɗaure su, suka mulmula musu tawada har ta fara ƙara irin ta mai ɗanko. Ya kawo takarda mai laushi, ya ja hannun injin, ƙarfe ya sauka da wani nishi.

Auta ta ɗaga takardar ta kai taga. Ga su nan da jikinsu. Ƙafafun sun yi nauyi sun zauna daram, kusurwoyi sun yi laushi, siraran wuraren sun cika. Ta shafa bayan takardar ta ji tudun kowane harafi a yatsanta. Warin tawadar ya kai ta wani wuri mai nisa, wata rana da ruwa ke sauka a kan rufi, tana kan cinya, ana jan yatsanta.

Ta koma teburinta ta fara daga farko, wannan karon tana bin sawun tawada. Aikin ya fi na da wuya, don tawada ba ta bazuwa iri ɗaya sau biyu, sai ta duba bugu da yawa ta zaɓi tsakiyarsu. Ta buɗe cikin harafin e da na a kaɗan don kada su toshe a idon da ke gani dishi-dishi. Ta ƙara tazara tsakanin layi da layi. Kullum ta gyara sai ta buga shirmenta ta liƙa a bango, ta cire nata tabarau, ta ja da baya har haruffan su dushe, ta ga ko turbar tana nan. Tana yi tana jin tsoro, don ko an dace, ta yaya za ta sani? Yaya ta riga ta nuna za ta iya yi mata karatun ƙarya saboda tausayi, kuma yanzu ta san a daidaita yatsa da baki.

Ranar da ta gama, ta tattara babin farko a gurguje. Don kada shafin farko ya yi datti a mota, ta ciro wata takardar gwaji daga bango ta rufa a sama, ta ɗaure da roba. Kafin ta isa gida ta manta da ita sam.

La'asar ta yi, hasken taga ya yi laushi. Yaya ta karɓi ƙunshin ba ɗoki, ta zare robar, ta gyara tabarau. Auta ta ga takardar gwajin a sama, ta buɗe baki za ta yi magana, amma Yaya ta riga ta ɗora yatsa, ta ɗauko muryar karatunta.

"A bakin wani kogi mai faɗi, akwai wani..."

Ta tsaya. Yatsan ya tsaya. Ta karkata kai gefe, yadda take yi in tana son ta kewaye dishin da ke tsakiyar idonta, ta matso da takardar. Yatsan ya koma farkon layi. Auta ta haɗiye maganarta.

"Bun... bunsuru," in ji Yaya, a hankali kamar mai taka tsani. "Bunsuru ya ɗaure ƙugu... ya hau keke... zabuwa tana yi masa fifita da... da takardar haya."

Ta ɗago kai.

"Auta, wane irin shirme ne wannan? Ina mai kwalekwalen nawa?"

Dariya ta taso wa Auta, kuka ya riga ta fitowa, ta durƙusa ta kifa fuska a cinyar Yaya, kafaɗunta na rawa. Sai a lokacin Yaya ita ma ta gane da idonta ta karanta, ba da ka ba. Ta sake duban takardar, ta sauka layi na biyu ba ta zame ba, ta karanta cewa ɓauna ta je gyaran agogo ta tarar da kifi yana aski. Ta sauka na uku. Muryarta ta fara rawa, amma ba ta tsaya ba sai da ta kai ƙasan shafin, yatsa da baki suka isa tare.

"Sun yi ƙiba," in ji ta, tana shafa layin. "Ja'irai, sun warke."

Ta ajiye takardar bunsurun a gefe da kulawa, kamar abin da za a sake nema. Ga shafin farko na gaskiya a ƙasa, ga kogin, ga mutumin da sandarsa. Babu wanda ya san yawan hasken da ya rage mata, ko zai kai ta inda kogin ya faro. Ta lalubo hannun Auta, ta kama ɗan yatsanta kamar da, ta ɗora shi ƙarƙashin layin farko.

"Share hawayen nan kada ki jiƙa mini takarda," in ji ta. "Kuma ki ɗan matsa, kin tare mini haske."